Mun dawo daga Finang lafiya, ga godiyarmu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Jiya bayan an naɗe tabarmi an kwashe kujeru, Abban yara ya ce in rubuta godiya a madadin gidanmu, wai shi ya ƙoshi da rubutu, shekara biyar ba wata biyu yana abu ɗaya. Na ce to, amma kada ya zo daga baya ya ce na cika surutu. Alhamdu lillahi da Allah ya kai mu ya dawo da mu, mun tafi mu huɗu mun dawo mu biyar, ga kuma takardar digirin digirgir ɗin da aka je nema. Duk wanda ya tako ƙafarsa zuwa walimar jiya, daga cikin gari har mutanen Daura da Mani da Dutsin-Ma da suka sha hanya, Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci.

A wurin walimar an yi ta tambayata, wai Maman Abba ya rayuwar can take? Ban samu sukunin ba kowa amsa ba, ina tsakanin madafa da ɗakin baƙi. Bari in haɗa amsar da godiyar, don mutanen da nake son in gode wa su ne labarin.

Mun sauka a watan Fabrairun 2019. Finang tsibiri ne a arewa maso yammacin Malesiya, teku ta kewaye shi, gadoji biyu ke haɗa shi da sauran ƙasar. Tsohuwar da aka buɗe a 1985 tsawonta kilomita 13.5, sabuwar kilomita 24. Ranar da muka fara hawa tsohuwar na rufe idona ina salati har muka sauka. 'Yar Katsina da ba ta taɓa ganin ruwan da ya wuce dam ɗin Ajiwa ba, sai ga ta a mota ruwa dama ruwa hagu. Abban yara yana Jami'ar Kimiyya ta Malesiya da ake ce wa USM, a Gelugor, mu kuma muka kama haya kusa, hawa na goma sha ɗaya. Lokacin Abba na da shekara huɗu, Ummi ba ta daɗe da fara tafiya ba.

Ba abinci ne ya fara kayar da ni ba, kuma ba yare ba ne. Rashin tsakar gida ne. Nan gida idan yaro ya dame ka sai ka ce fita waje, ka san akwai ido goma a kansa, ga kaka ga gwaggo ga ɗiyan maƙwabta. Can idan na buɗe ƙofa sai dogon baranda da lifta, ƙasa kuma tana can nesa, motoci kamar tururuwa. Ba ƙanwar da za ka aika, ba wanda zai karɓar maka goyo ka shiga wanka. Da Ummi a baya nake girki, da ita nake shara, wani lokaci sai na jira azahar uban ya leƙo sannan in watsa ruwa. Ga damshi. Ba su san hunturu ba, ruwa kusan kowane wata, wanki ya kwana biyu a igiya yana warin ɗanye. Takalman fata na Abbansu da muka ajiye a kwaba suka yi fumfuna har suka koma kore. Kukar da Inna ta daka mani ta dunƙule kamar dutse tun watan farko, sai daga baya wata 'yar Sakkwato da ta riga mu zuwa ta ce, ke kuka da daddawa da yaji a firiza ake ajiye su a garin nan. Ita ce kuma ta kai ni shagunan Indiyawa a Jojtawun, babban birnin Finang, inda na samu gero da tsamiya. Ranar da na dama kunun tsamiya na farko sai da na yi hawaye a kan tukunya. 'Yar'uwa, na san kina karantawa, Allah ya ba maigidanki sa'ar kammalawa ku ma ku dawo.

Sai babbar wadda nake bin bashin godiya, kuma ba ta jin Hausa, sai Abba ya karanta mata ta waya ya fassara. Maƙwabciyarmu ce, ƙofa na kallon ƙofa, dattijuwa Bamalaya da mijinta ya rasu. Makcik muke ce mata, kamar ka ce gwaggo ko inna a yarensu. Wata ukun farko gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Ran nan ta ji Ummi na tsala ihu, ta ƙwanƙwasa, ta miƙo hannu biyu ba ta ce uffan ba. Na ɗan yi jim, sannan na kwance goyon na ba ta.

Ranar 18 ga Maris 2020 gwamnatinsu ta rufe ƙasa saboda korona, ni kuma cikina ya shiga wata tara. An riga an shirya Inna za ta zo ta yi mani wankan jego, an fara maganar biza, komai ya rushe. Mutum ɗaya ake bari ya fita cefane daga kowane gida, sojoji da 'yan sanda a kan titi. Daren da naƙuda ta tashi, wajen Makcik muka tura su Abba da bargonsu. Ni kaɗai na shiga ɗakin haihuwa, uban na zaune a mota yana jan carbi. Da aka sallamo ni ina tunanin wa zai dafa mani ruwa, wa zai dama kunun kanwa, ashe su ma Malayawa suna da nasu jegon, pantang suke ce mashi, na kwana arba'in da huɗu. Kullum da safe Makcik za ta shigo da takunkumi a fuska, ta tafasa ruwa da ganyaye da citta, ta gasa wani dutse ta naɗe shi a zane ta dinga danna mani a ciki, sannan ta ɗaure ni da wani dogon ƙyalle tun daga ƙugu har ƙirji, tamau, ko numfashi da ƙyar. Ta hana ni ruwan sanyi, ta hana ni yawo ba safa. Na kira Inna ta bidiyo na nuna mata. Ta daɗe tana kallo, ta ce wannan matar ta san abin da take yi, ki bi ta. Daga ranar su biyun suka ƙulla, Inna na Hausa Makcik na Malayanci, su yi ta dariya, ban san me suke fahimta ba.

Sunan kuwa a nan Katsina aka yi shi, jariri na can tsakiyar teku. Alhaji Baba ya sa aka yanka rago a ƙofar gida, liman da mutum kaɗan suka raɗa suna da ƙarfe bakwai na safe, mu can biyu na rana ne, don awa bakwai ke tsakaninmu. Muna zaune a falo, waya jingine da kofin shayi, muka shafa fatiha. Baba, Allah ya ƙara girma da nisan kwana. Gwaggo da ta soya naman ta raba gida-gida cikin wannan yanayi, ba mu manta ba.

Jarabawa ta biyu a 2022 ta zo, ita ce wadda har yau in na tuna gabana ke faɗuwa. Ummi ta dawo daga makarantar rainonsu jiki kamar garwashi, tana cewa bayan idonta na ciwo. Ni da na tashi a inda kowane zazzaɓi maleriya ne, na buɗe jakar magungunan da muka taho da su daga gida, na ɗauko na maleriya da ibufurofen. Allah ya kawo Makcik a daidai lokacin. Ta karɓe kwalbar daga hannuna ta ce denggi, denggi, asibiti. Gwajin jini ya tabbatar. Likitar ta yi mani bayani a natse. Sauron da ke kawo dengi daban yake da namu na dare, mai zanen fari da baƙi ne a ƙafa, da rana yake cizo, musamman safe da yamma, kuma a ruwa mai tsabta da ya kwanta yake ƙyanƙyasa, ko da na cikin farantin tukunyar fulawa ne. Gidan sauron da nake ta fama da ɗaurawa kowane dare bai tare komai ba. Ciwon ba shi da maganin kansa, sai ruwa da farasitamol da sa ido. Asfirin da ibufurofen kuwa suna iya jawo zubar jini, don ƙwayoyin da ke sa jini ya daskare raguwa suke yi. Abin da ya fi ba ni tsoro, ta ce ranar da zazzaɓin ya sauka ita ce ranar haɗari, ba ranar murna ba.

Haka kuwa aka yi. Kwana na biyar jiki ya yi sanyi, yarinya ta yi laushi, dasashinta ya fara tsattsafo da jini. Kwana huɗu muka yi a gado ana ƙarin ruwa, safe da yamma a ɗebi jini, ni kuma in tsare nas da ido ina jiran lambar ƙwayoyin jinin. A waɗannan kwanaki matan 'yan Najeriya da ke karatu can suka raba aiki tsakaninsu ba tare da na roƙa ba. Wata 'yar Ilori ta ɗauki Auta ta haɗa da nata, wata 'yar Maiduguri ke kawo abinci asibiti, wani tsoho ɗan Sin da ke hawa na tara, wanda ban taɓa jin muryarsa ba sai ɗaga hannu a lifta, ya riƙa kai Abba makaranta a motarsa. Nan gida kuma Kawu ya sa aka yi saukar Alƙur'ani a masallacin unguwa. Mata masu ƙananan yara da ke shirin bin mazajensu irin waɗannan ƙasashe, don Allah ku riƙe wannan, kada ku ba yaro maganin zazzaɓi da ka kafin a gwada jini.

Ba duka wahala ba ce, kada in yi wa Allah butulci. Yaran sun sha teku a Batu Feringgi har sun ƙoshi. Sun hau jirgin da ke jan mutane zuwa saman dutsen Finang, inda Abba ya fara sanin wani abu wai shi sanyi. Biri ya taɓa fizge burodi daga hannun Ummi a lambun gwamnati, har yau ba ta yafe ba. A tafkin cikin jami'a akwai guza manya-manya da ke yawo ba mai kula su, na ce da a Katsina ne da tuni an san yadda aka yi da su. Da azumi akwai kasuwar buɗa-baki a kowace unguwa, da salla kuma kowa ya buɗe ƙofarsa, a ba yara kuɗi a koren ambulan. Durian ne dai, wani ɗan itace mai ƙaya, har muka taho ban iya ba, warinsa kaɗai ya ishe ni, amma uban da ɗiyansa har Balik Pulau suke zuwa takanas don shi.

Da naira ta zube a tsakiyar 2023, abin da ake turo mana ya daina kai mu ko rabin wata, ga kuɗin haya ga na makarantar yara ga na sabunta biza mutum biyar. Yaya Babba, ka ce kada in faɗa, to ban faɗi nawa ba ne. Yayata kuma da ta sayar da tumakinta biyu ta ce bashi ne, na san ba za ta karɓa ba, amma zan kawo.

Sai roƙo, musamman ga iyayenmu. A yi haƙuri da yaran nan. Wanda ya ga Abba ya kama hannun Alhaji Baba ya kai goshinsa maimakon ya durƙusa, ba rashin kunya ba ne, haka yaran can ke gaida manya, muna koya mashi namu. Ya yi nisa a karatun Alƙur'ani amma bai taɓa riƙe allo ba, jibi zai fara zuwa wajen Malam. Ummi ta ture tuwon Hajiya ta ce ita nasi lemak take so, shinkafar da ake dafawa da madarar kwakwa a ci da safe. Hajiya, na ji kunya ƙwarai, amma na ga jiya ta shanye furar da kika dama mata har tana lashe ludayi. Hausar Auta kuwa sai a hankali, rabi Malayanci ce, in ya ce makan abinci yake nema. Kuma mun faɗo tsakiyar hunturu, leɓunansu duk sun tsage, Ummi ta yi haɓo sau biyu, mun gode wa maƙwabciyar da ta aiko da man kaɗanya. Tun a hanyar Kano Auta ke leƙen taga yana tambaya ina teku. Kawunsa ya yi mashi alkawarin Ajiwa ranar Asabar, ban san yadda za su ƙare ba.

Masu girki da suka kwana a kan murhu, 'yan matan da suka yi wanke-wanke har isha, samarin da suka kafa rumfa, abokan aikin Abbansu da suka zo da mota guda, malaman da suka yi addu'a, Allah ya biya ku da gidan Aljanna. Wanda muka manta ba mu aika wa kati ba, laifina ne, lambobi da yawa sun ɓace da tsohon layina, a yafe mani.

Akwai kuloli uku da faranti babba mai ruwan gwal da aka bari, da mayafi ruwan toka, da takalmin yaro ƙafar hagu. Suna ɗakin Hajiya, mai su ya aiko.

Maman Abba, Katsina.