Ni da manyan babura a bakin titin Wudil

Garejina yana gefen titin Kano zuwa Maiduguri, idan ka tsallake gadar Wudil ka miƙa wajen Gaya. Rumfar kwano ce, da benci biyu, da yara huɗu masu koyon aiki. Boxer da Jincheng na manoma da 'yan acaɓa su ne ke ciyar da mu, musamman ranar Juma'a da kasuwar Wudil ke ci. Amma abin da ya sa aka san ni a yankin nan shi ne manyan babura, waɗanda samari ke kira fawa baik.

A birni na koyi gyara. Da gwamnatin Kwankwaso ta hana acaɓa a cikin Kano a 2013, bayan harin da aka kai wa marigayi Sarki Ado Bayero, aiki ya ja baya, na tattara kayana na dawo gida. Ana nan sai wani matafiyi ya turo Honda CBR 600 har ƙofar rumfata, ya mutu masa a hanyarsa ta zuwa Dutse. Kafin ranar ban taɓa sa hannu a inji mai silinda huɗu ba. Kwana uku na yi a kansa, ina kwance abu ina jerawa a kan tabarma don kada in manta mazauninsa. Ashe famfon mai ne ya toshe, mutumin ya sha man 'yan bumburutu mai datti. Da injin ya tashi, ƙarar da ya yi har yau tana kunnena.

Kuskuren da mutanenmu ke yi shi ne ɗaukar babban babur kamar Boxer ne aka ƙara wa jiki. Boxer cc 100 ne (cc ma'aunin girman inji ne), iska ke sanyaya shi, kafireto gare shi, ko wane irin mai ka zuba masa zai haƙura ya kai ka gona. Babban babur kuwa yawanci ruwa ke sanyaya shi, yana da lagireto da fanka kamar mota, mai kuma ta injekta yake shiga, ƙaramar kwamfuta na auna masa. Ba ya yafe ganganci. Na ga wanda ya zuba wa nasa baƙin man mota don ya fi araha, wata bai cika ba kuloci ya fara sulɓi, domin kulocin waɗannan babura cikin baƙin mai yake iyo, kuma sai da man da aka yi don babur. Lokacin hunturu ƙura takan cushe iyakilina ta cinye sarƙa, shi ya sa nake ce wa masu su kada sati ya wuce ba a wanke sarƙa an shafa mata mai ba. Taya kuwa laushi gare ta don ta kama kwalta, saboda haka ba ta daɗewa, kuma kuɗin ta baya guda ɗaya zai saya maka tayoyin Boxer masu yawa.

Kayan gyara su ne wahalar sana'ar. Wani abin nakan samu a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, wani sai na aika kasuwar Ladipo a Legas, babur ya yi sati biyu a rumfa an lulluɓe shi da tamfol. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, masu fitowa yawon ƙarshen mako daga Kano suka ragu, wasu ma suka kawo nasu in nemo musu mai saye. Ta nan na shiga dillanci.

Kuma a dillancin ne nake rasa ciniki da gangan. Kwanakin baya wani Alhaji ya zo da ɗansa, yaron bai fi shekara ashirin ba, ya ga Hayabusa a waya ya ce shi yake so. Na ce, "Alhaji, a gafarce ni, babur ɗin nan ya haura cc 1300, nauyinsa ya ninka na Boxer fiye da sau biyu, kuma yana kusan kilomita 300 a awa. Me yaron nan ya taɓa hawa?" Ya ce ai Lifan ɗin gida tun yana ƙarami yake tuƙa shi. Na ce wa yaron, "Ɗana, titin nan ba naka ba ne kai kaɗai. Akwai shanun Fulani da ke tsallakawa, akwai amalanke, akwai almajirin da zai ɓullo daga bayan tirela. A irin wannan gudu kafin ka taɓa birki ka riga ka isa." Na ba su shawara ya fara da mai cc 250 ko 300, ya shekara a kai, da hular kwano da safar hannu da takalmi rufaffe. Alhaji bai ji daɗi ba, ya tashi ko sallama bai yi sosai ba. Na taɓa ɗauko saurayi daga kan kwalta ranar ɗaurin aure, bayan wasan ɗaga taya, na kai shi asibiti a bayan akori-kura. Ba na son in sake.

Nawa na hawa Suzuki V-Strom 650 ne, na hannu na saye shi. Na zaɓe shi don yana da tsayi, ba ya gogar ƙasa a hanyar burji in zan shiga ƙauyenmu. Bayan sallar asuba, kafin manyan motoci su cika hanya, nakan hau in kai Shuwarin in juyo, iska mai sanyi na bugun ƙirjina, gero da dawa sun yi kore dama da hagu in damina ce. Ba na wuce ɗari da ashirin ko da titin ya zama wayam.

Bayan wata biyu Alhajin ya dawo shi kaɗai. Ya zauna a benci, yarana suka gaishe shi, aka kawo masa shayi. Sai ya ce, "Malam, wannan ƙaramin da ka faɗa, nawa zai kama har da hular?"