Wasiƙa daga Ingila ga Masu Tambayar "Aikin Soshal"

Assalamu alaikum, iyayena, yayyena da ƙannena na Aboabo, Asawase, Sawaba da Sabon Zongo a Gana. Ina gaida kowa, manya da yara, amma a yi mini afuwa, yau ba zan ja gaisuwa ba.

Saƙonnin murya sun taru mini a WhatsApp, kuma tambaya ɗaya ce ake ta sauya wa riga: "Anti, yaya ake shiga aikin soshal a can?" Maimakon in riƙa bin mutum ɗai-ɗai, bari in amsa a wuri guda. Zan yi maganar takardu, da yadda aikin yake, da albashi, da sanyi in wuri ya rage.

Ayyuka uku ne kuke haɗawa ku kira su da suna ɗaya. Akwai kula da tsofaffi da marasa lafiya, wanda ake ce wa "keya". Wannan ƙofar tun watan Maris na 2024 aka hana mai shigowa ta cikinta zuwa da iyali, a ranar 22 ga Yuli 2025 kuma aka rufe ta ga sababbin masu nema daga waje. Don haka duk wani ɗan konekshan da ya ce ki sayar da fili ki kawo kuɗi zai samo miki bizar keya, ki riƙe filinki. Akwai kuma aikin tallafa wa iyali da shiga unguwanni, a makarantu, cibiyoyin yara da ƙungiyoyin agaji. Ba ya buƙatar rajista, amma galibi wanda yake da izinin aiki a ƙasar ake ɗauka. Na ukun shi ne cikakken ma'aikacin walwalar jama'a, soshal woka. Wannan suna doka ce ke tsaronsa. In ka kira kanka da shi babu rajista, ka yi laifi. Hukumar Social Work England ke riƙe da rajistar tun Disambar 2019, kuma Ingila kaɗai ta shafa. Sikotland da Wels kowacce da tata hukumar.

To, takardu. Nan ne jini ke hawa.

Hukumar za ta ɗora karatunka kusa da na ɗalibin nan ta gwada. Ɗalibin nan sai ya yi kwana 200 na koyon aiki a aikace, a wurare aƙalla biyu mabambanta. Ɗalibanmu na jami'ar Legon, da na jami'ar KNUST, da na makarantar soshal da ke Osu a Ankara su ma suna fita fili, wasu har sun fi na nan ganin wahala. Matsalar ita ce sau da yawa takardar sakamako sunan darasi da maki kawai take nunawa. Ba ta ce kwana nawa aka yi ba, a wane ofis, a ƙarƙashin wa. Abin da takarda ba ta faɗa ba kuwa, a wajen mutanen nan bai faru ba. Saboda haka, ƙanina da ke aji uku yanzu, ranar da ka gama koyon aiki a kowane ofis kada ka fita hannu rabbana. Ka karɓi wasiƙa a kan takardar ofishin mai tambari, da ranar farawa, ranar gamawa, adadin kwanaki, irin matsalolin da ka riƙe, da suna da muƙamin wanda ya duba ka. Bayan shekara shida an yi wa mutumin nan canjin wurin aiki zuwa Bolga ko Wa, sabon da ke kujerar kuma bai taɓa ganin fuskarka ba. Ka adana jadawalin kowane darasi ma, domin ana son sanin abin da ke cikinsa, ba sunansa kaɗai ba. Digirin nazarin zamantakewa zalla kuma ba shi ne na soshal ba, ko da sashe ɗaya ne ya koyar da su. In aka ga giɓi, ana iya cewa ka yi jarrabawar gwaji ko wani lokaci na aiki ƙarƙashin sa ido.

Sai ciwon da ya fi kama 'yan zongo: suna. A takardar haihuwa Abubakar, a sakamakon WAEC Bukari, a katin Gana Abubakari, a fasfo kuma an sa sunan kaka a gaba. A gida kowa ya san mutum ɗaya ne. A nan mutum huɗu ne, kuma fayil zai kwanta har sai an haɗa su. A gyara tun ana gida, da takardar rantsuwa da sanarwa a gazet. Haka ranar haihuwa. Kada kuma a ce ai Turanci ne harshen gwamnatinmu. A shirya wa IELTS, ana neman maki 7.0 a jimlace, kuma rubutu ne ke kayar da yawancin masu zuba Turanci a baki. Akwai takardar shaidar rashin laifi daga 'yan sandan CID, da gwajin tarin fuka wanda wata shida kawai yake aiki. Shi ya sa ba a farawa da gwajin; sai rajista ta fito, an sami ma'aikatar da za ta ɗauki nauyi. Da yawa suna juya tsarin, su biya kuɗi sau biyu. In an iso akwai binciken DBS, wato na tarihin laifi, kafin a bar ka kusa da yaro, sannan kowace shekara sai an sabunta rajista kafin ƙarshen Nuwamba, da shaidar ƙarin ilimin da aka yi.

Shi aikin kansa ba rabon shinkafa da ɗaukar hoto ba ne. Agogo ne ke tuƙa shi. In makaranta ko asibiti suka kai rahoton yaro, cikin ranar aiki ɗaya za a yanke abin yi. Binciken halin iyali kada ya wuce ranakun aiki 45. In ana zargin mummunar cutarwa, sashe na 47 na Dokar Yara ta 1989 ke aiki, a zauna da 'yan sanda da ma'aikatan lafiya, taron kare yaron kuma cikin ranakun aiki 15. In ta kai kotu, mako 26 aka ɗibar wa shari'ar.

Ziyarar gida kuwa, za ki cire takalmi, ki gaisa, ki zauna kamar baƙuwa, amma idonki na aiki: akwai ɗumi a gidan, akwai abinci a firij, ina yaron ke kwana, da mayafi ko babu. Sai ki nemi ganinsa shi kaɗai. Ki koma ki rubuta, ki raba abin da kika gani da abin da kike zato. Ba a rubuta "uwar ƙazama ce". Ana rubuta cewa kwanuka da ragowar abinci mai funfuna suna ƙasa inda jariri ke rarrafe. Iyaye suna da ikon neman ganin fayil ɗin, lauya kuma zai karanto miki kalmarki a gaban alƙali.

Abin da har yau ke ba ni mamaki shi ne riƙo. A wajenmu ɗa na kowa ne. A ɗauki yarinya a ba 'yar ɗaki ko aminiya, ba wanda zai ce uffan. A nan, yaro ɗan ƙasa da shekara 16 in zai zauna kwana 28 ko fiye a hannun wanda ba makusanci ba, dole a sanar da ƙaramar hukuma. Makusanci kuma a doka shi ne kaka, wa ko ya, kawu, baffa, gwaggo, inna, ko mijin uwa da matar uba. Ɗan baffa ba ya ciki, ƙanwar kaka ma haka. Tsaurin yana da tushe: Victoria Climbié, yarinya 'yar Kwaddebuwa, a hannun 'yar'uwar kakanninta ta rasu a Landan a shekarar 2000 bayan azabtarwa, binciken Lord Laming kuma shi ya kai ga Dokar Yara ta 2004. Duka da bel ko waya ko bulala, wanda a makarantar allo ba a ɗauke shi komai ba, a nan 'yan sanda yake kawowa.

A irin wannan wuri mai jin Hausa da Tonanci (Twi) ke da daraja. Uwa ta ce wa ɗanta "yau sai na yanka ka", tafinta ya juya kalma da kalma, ɗaki ya yi tsit. Wanda ya tashi a zongo ya san faɗa ne na baki. Amma shi ɗin kuma bai da izinin rufa wa kowa asiri don ana sallah a masallaci ɗaya. In kin san gidan, ki faɗa wa shugabarki a ba wani. Abin da kika gani kuma ba ya zuwa gidan suna ko awure.

Duk wannan ana iya fara koyonsa a gida. Dokar Yara ta Gana, mai lamba 560, tun 1998 take, kuma ma'aikacin soshal na zama a kotun iyali inda ake shari'ar ciyarwa da riƙon yara. Akwai DOVVSU, sashen 'yan sanda mai kula da cin zarafi a gida, da dokar hana cin zarafi a gida ta 2007, da LEAP, tallafin kuɗi ga gidajen talakawa da aka fara a 2008. Kowace majalisar gunduma, har da ta Asokore Mampong, tana da sashen walwala da raya al'umma. Mai shirin bautar ƙasa ya nemi a tura shi can maimakon banki. 'Yan kayaye, masu dako a kasuwar Kejetia, kaɗai sun isa makaranta. Kuma kuna da abin da ake nema da kuɗi a nan ba a samu: maƙwabciyar da za ta leƙo, limami, magajiya, Sarkin Zongo da zai kira miji a zauna. Abin da ya yi ƙaranci littafi ne da biro. Ko a ƙungiyar matan unguwa kike taimako, ki riƙa rubuta rana, gida nawa, me aka yi, ina aka tura su, ba tare da sunayen mutane ba, shugaba ta sa hannu.

Albashi na ce zan taɓa. Adadin da kuke gani a talla na shekara ne, kafin haraji, kuma kada a juya shi zuwa sidi sai an cire haya da harajin gida da kuɗin ɗumama ɗaki. Ma'aikatu da yawa suna son mai mota, lasin Gana kuma wata 12 kawai yake aiki, sai a sake jarrabawa daga farko. Sanyi sai wata wasiƙar. A Disamba dai ƙarfe huɗu duhu ya yi, azahar da la'asar da magariba duk a cikin lokacin ziyara suke faɗowa.

Wanda zai aiko da tambaya, ya fara jera takardunsa a tabarma ya duba ko sunan iri ɗaya ne. A gaida su Hajiya.

Taku, daga Ingila.