Zaman kurtu: abin da fim ya kama da abin da ya bari

Tun da na ajiye kaki, babu tambayar da samarin unguwarmu suka fi yi mini kamar wannan: "Yaya, da gaske haka ake yi wa kurtu, kamar yadda muke gani a fim?" Na yi horona a Zariya, a makarantar horar da kuratan soja da aka kafa tun 1924, wadda take cikin barikin Chindit. Barikin ya ci sunan rundunar Chindit ne ta yaƙin ƙasar Bama (Myanmar ta yau), wadda sojojin Najeriya suka yi yaƙi a cikinta a 1944. Saboda haka idan na kalli irin waɗannan finafinai, ina kallonsu ne da idon wanda aka yi wa aski tal-kwabo aka miƙa masa kaki.

Fim ɗin da kowa yake kafa hujja da shi shi ne Full Metal Jacket na 1987. Kashinsa na farko yana nuna horon sojojin kundumbala na Amurka a tsibirin Parris, zamanin yaƙin Biyetnam, ko da yake a Ingila aka ɗauke shi. Mutumin da ya fito a matsayin saje, R. Lee Ermey, ya taɓa horar da kurata da gaske a San Diyego, kuma da farko mai ba da shawara aka ɗauke shi kafin a ba shi rawar. Shi ya sa tsawarsa take shiga jiki. Yadda yake shigowa ɗaki kowa ya ƙame, yadda yake kawo fuskarsa dab da taka, yadda yake laƙaba wa mutum suna tun ranar farko ya bi shi har a gama, duk na gani da idona. A nan fim bai yi ƙarya ba.

Inda ya gaza shi ne lokaci. Abin da ya nuna cikin ƙasa da awa ɗaya, su Amurkawan mako 13 suke yi yanzu, mu kuwa wata shida. Kuma tsawa ba ita ce ta cika watannin ba. Abin da ya cika su shi ne fareti, wanki, guga, shara, yankan ciyawa, gadi, da jira a layi. Ana hura usur tun kafin asuba, a cikin hunturun Zariya da yake tsaga leɓe da dunduniya, ka fito da gajeren wando da singileti ka shiga gudu ana waƙa. Da dare kuma, bayan jikinka ya gama mutuwa, sai ka zauna da takalminka. Ka naɗe tsumma mai laushi a yatsa, ka ɗan dangwali Kiwi, ka tsoma a ruwa, ka yi ta zagaya bakin takalmin a hankali, shafi kan shafi, har sai ya fara ɗaukar hasken fitila. Gobe da safe kofur zai duba, idan bai gamsu ba ka sake daga farko. Babu mai shirya fim da zai ɓata minti goma a kan wannan, amma a wurin nan ne ake gina soja. Babban abokin gaban kurtu barci ne. Na ga mutum yana gyangyaɗi a tsaye cikin sahu, bindiga a kafaɗa.

Akwai wurin da ni da duk wanda ya taɓa zuwa filin harbi muke girgiza kai. A fim ɗin, wani kurtu da ya zautu ya ɓoye harsasai masu rai, ya ɗura su a bindigarsa cikin dare a banɗaki, ya harbe sajen. Ba zan ce abu ne da ba zai taɓa yiwuwa ba, amma wanda bai je ba bai san katangar da aka gina don hana hakan ba. Harsashi a ƙirge ake ba ka shi, a bakin layin harbi. Kana gamawa ka zare gidan harsashi, ka ja bindiga baya, malami ya leƙa cikinta da idonsa kafin ka ɗaga ƙafa. Sannan a durƙusa a tsince kwanson harsashi ɗaya bayan ɗaya daga cikin ƙasa da ciyawa, a ƙirga, a gwada da abin da aka fitar. Idan ɗaya ya yi ɓatan dabo, babu mai tafiya, ko da rana za ta faɗi a kanku. Bayan haka a laluba aljihu da jaka. Bindigar kanta tana da lamba, da sunanka aka rubuta ta, kuma ma'ajiyar makamai take komawa. Wannan ƙirge da sake ƙirge shi ne ainihin ɗa'ar soja, ya fi kowace tsawa nauyi.

Hukuncin taron dangi kuwa gaskiya ne. Mutum ɗaya ya makara, duk ayari ya sha tsallen kwaɗo, ko birgima, ko gudu da bindiga a sama har hannu ya daina jin naka ne. Gwale-gwale kam mun sha shi. Fim ya nuna yadda haushin hakan ya sa kurata suka taru cikin dare suka lakaɗa wa ɗan'uwansu duka da sabulu a cikin tawul. Haushin na san shi, don yana taruwa a ƙirji. Sai dai abin da na fi gani ya bambanta. A ayarinmu akwai wani yaro da ƙafarsa ba ta jin umarni, a ce hagu ya jefa dama, kullum shi yake ja mana. Bayan an gaji da zaginsa, sai mutum biyu suka fara fita da shi bayan ɗaki idan an kashe fitila, ɗaya yana ƙirga masa taku a hankali, ɗaya yana riƙe da kafaɗarsa. Hausarsa ba ta nuna ba, su kuma Turancinsu na bariki ne, amma sun fahimci juna. Na tabbata kofur ya san ana yi, bai taɓa cewa uffan ba. Daga baya na gane abin da ake nema ke nan da hukuncin: a kai ku inda za ku ga cewa gyara ɗan'uwanku ya fi muku sauƙi a kan tsanarsa. Fim yana bukatar jarumi ɗaya da mugu ɗaya, horon kurtu kuwa so yake ya kashe "ni" ya bar "mu".

Batun duka yana bukatar a yi masa adalci. Su kansu Amurkawa sun ga illar barin malami ya yi yadda ya ga dama. A watan Afrilu na 1956, wani saje a tsibirin Parris ya kora ayarinsa cikin rafin Ribbon da dare don ya hora su, kurata shida suka nutse. An gurfanar da shi gaban kotun soja, aka kuma sake tsarin sa ido a kan masu horarwa. A dokarsu ta yau malami ba shi da izinin kai wa kurtu hannu. Mu ma muna da Dokar Sojoji, kuma babban laifi ba a filin fareti yake ƙarewa ba. Rubuta shi ake yi, a cire maka hula da bel, a shigar da kai gaban kwamanda, a karanta tuhuma, a tambaye ka abin da za ka ce. Daga nan ana iya tura mutum gadirum ko a sallame shi gaba ɗaya. Kurtu ya fi tsoron wannan takardar a kan tsallen kwaɗo ɗari, domin komawa gida ba kaki, bayan dangi sun yi maka rakiya tasha, abu ne da ba ya goguwa.

Sannan malamin da kansa. A fim dodo ne daga farko har ƙarshe. Namu yana riga mu tashi, yana bayanmu kwanciya, duk gudun da muka yi da shi aka yi, ga shi ya ba mu shekaru. Bayan doguwar tafiya da kaya yakan sa mu zauna a jere mu cire takalma, ya bi ƙafa ɗaya bayan ɗaya yana duba bororo, wanda tasa ta ruɓe ya tura shi asibitin bariki ko yana so ko ba ya so. Ran Juma'a a jera Musulmi zuwa masallaci, ran Lahadi Kiristoci zuwa coci, a sahu ake tafiya a sahu ake dawowa. Ranar faretin yaye mu, mutumin da bai taɓa kiran sunana na gaskiya ba ya gyara mini hula da hannunsa ya ce, "Soja, tsaya da kyau, iyayenka suna kallo."

Yaran da suke zuwa wurina da niyyar cike fom, ba na hana su kallon fim. Ina dai ce musu su fara gudun asuba tun watanni kafin tantancewa, su saba da takalmi mai nauyi, su koyi wanke kayansu da goge su da kansu. Wanda kuma yake da ciwon da yake ɓoyewa, asma ko ciwon ƙirji ko tsohuwar karaya, ya faɗa wa likita tun a wurin gwaji, domin filin horo zai tono shi cikin makon farko.