Mutum na bakwai a jerin waɗanda suka sauya duniya

Duk lokacin da aka tayar da zancen mutanen da suka fi tasiri a tarihin ɗan Adam, da wuya a tashi ba a ambaci littafin da Ba'amurke Michael Hart ya wallafa a shekarar 1978 ba, wanda a cikinsa ya jera mutum 100, ya sanya Manzon Allah (SAW) a farko. Masu wa'azi da malaman makaranta sun daɗe suna kafa hujja da wannan, kuma hujjar marubucin a bayyane take, domin ya ce ya dubi nasara ta fuskar addini da ta sha'anin duniya a haɗe. Mu Musulmi ba mu jira shaidar wani ba kafin mu san wannan matsayi. Abin da ke damuna shi ne yawancinmu a nan muke tsayawa, ba ma gangarawa mu ga sauran sunayen, alhali akwai ilimi mai yawa a cikinsu.

Bayan Isaac Newton da Annabi Isa (AS) da Buddha da Confucius da Bulus mai yaɗa Kiristanci, na bakwai wani mutumin ƙasar Sin ne mai suna Cai Lun, wanda ya riga Gutenberg mai injin ɗab'i a jerin. Bafade ne a daular Han, kuma tarihin Sinawa ya nuna cewa a shekarar 105 Miladiyya ya gabatar wa sarki wata hanyar yin takarda daga ɓawon itace da ragowar zaren rama da tsummoki da tsofaffin komayen kamun kifi. Ana jiƙa su, a daka su har su zama kamar kunu, a tsoma mataci a ɗebo siririn shimfiɗi, a shanya ya bushe. Masu tonon kayan tarihi sun gano guntayen takarda da suka girme shi, saboda haka abin da ya fi daidai shi ne a ce shi ya kyautata sana'ar har hukuma ta rungume ta. Kafin nan Sinawa a kan tsagin gora suke rubutu, mai nauyin ɗauka, ko a kan siliki, wanda sai mai hali.

Tafiyar da takarda ta yi daga nan ita ce ta fi ɗaukar hankalina. An ruwaito cewa bayan yaƙin Talas na shekarar 751, Musulmi sun koyi sana'ar daga fursunonin Sinawa, kuma ko ma ta wace hanya ta iso, Samarƙand ta shahara da ita, sannan Bagadaza ta kafa masana'antarta a ƙarshen wannan ƙarni, zamanin Haruna Rashid. Duk wanda ya tuna cewa an tattara Alƙur'ani a zamanin Sayyidina Abubakar daga fatu da ƙasusuwa da faffaɗan duwatsu da zarben dabino, tare da abin da ke ƙirazan mahaddata, zai gane girman sauyin. Littattafan hadisi da fiƙihu da likitanci da lissafi da suka yawaita a zamanin Abbasiyawa ba za su bazu haka ba da a ce kowane littafi sai an yanka garken dabbobi an jeme fatunsu. Daga Andalus sana'ar ta shiga Turai, Italiya ta ƙware a kanta, kuma takardar Italiya mai tambarin jinjirin wata uku ita ce fatake suka riƙa ratso Sahara da ita daga Tarabulus zuwa Borno da Kano. Idan ka ɗaga warƙar wani tsohon littafi na ƙarni na 19 ka haska ta a rana, sau da yawa za ka ga wannan tambari a cikin jikin takardar, a ƙarƙashin rubutun tawada. Malaman da suka kwafi rubuce-rubucen Shehu Usmanu da na Nana Asma'u sun ci gajiyar wani bafade da ya rasu a shekarar 121, wanda ba su taɓa jin sunansa ba.

Wannan ne ya sa nake ganin ma'aunin tasiri na gaskiya shi ne yawan rayukan da aikin mutum ya taɓa, ko da masu rayukan ba su san shi ba. Sarakuna da mayaƙa suna da maroƙa da marubuta tarihi, shi ya sa sunan Iskandar da na Napoleon ba sa ɓata. Amma Edward Jenner, likitan karkara a Ingila da ya gwada rigakafin agana a 1796, aikinsa ne ya kai ga sanarwar kawar da cutar daga doron ƙasa a 1980, kuma yaran yau ba su san fuskar mai zanzana ba sai a wajen tsofaffi.

Sai dai tasiri daban, nagarta daban, kuma ba ni da misali da ya fi na Fritz Haber, masanin sinadarai na Jamus. A 1909 ya nuna yadda za a kamo sinadarin naitirojin daga iska a mayar da shi amoniya, wani injiniya ɗan ƙasarsu mai suna Carl Bosch kuma ya mayar da abin masana'anta a 1913. Daga nan takin zamani na naitirojin da ake amfani da shi yau ya samo asali, har da buhun yuriya da manomi ke saye da damina domin masararsa. Masana sun ƙiyasta cewa abincin kusan rabin mutanen duniya ya dogara da wannan taki, a duniyar da ta tashi daga mutum biliyan 1.6 a 1900 zuwa biliyan 8 a 2022. Wannan mutumin dai shi ne ya jagoranci amfani da iskar guba a kan sojoji a Ypres ta ƙasar Beljiyam a 1915, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, kuma duk da haka aka ba shi kyautar Nobel ta 1918. Zan sanya shi cikin goman farko na kowane jeri da zan rubuta, domin adalci ya tilasta hakan, amma ba zan ce wa yaro ya yi koyi da halinsa ba.