Baƙin Yadin da Ya So Ya Cinye Mini Bargon Ƙyallaye

Mu mazauna Jidda ba mu san wani sanyi ba in ba na esi ba, shi ya sa bargo bai taɓa damuna ba sai da aka kai 'yata ɗakinta a Ɗa'ifa. Garin a kan duwatsu yake, kusan mita 1,900 sama da teku. Watan Janairu na kamawa ta bugo waya: "Mama, sanyin nan har cikin ƙashi yake shiga." Barguna na nan jibge a kasuwa, amma na fi so ta lulluɓa da aikin hannuna.

Na zazzage buhun ƙyallayena. Akwai ragowar atamfofin da 'yan uwa ke kawo mini tsaraba in sun zo Umra, da guntayen shaddar Abbansu, da wani zanen Inna, Allah Ya jiƙanta, wanda ta zo da shi daga Kano. Gefensa ya mutu, tsakiyarsa ce kawai ke da sauran ƙwari. Na wanke komai, na ware masu zuba, na goge, na yanka murabba'i 70, kowanne santimita 17 don ya dawo 15 bayan ɗinki. Duk wannan lafiya lau.

Atamfa in ta haɗu da 'yar uwarta hayaniya suke yi wa ido, don haka na so in raba su da siririn baƙin layi mai faɗin santimita 5. Baƙin yadi kuwa ba abin nema ba ne a ƙasar da yawancin mata ke sa abaya. Na shiga wani shago na ce auduga nake so, ba gauraye ba, har na faɗa masa abin da zan yi da shi. Mai shagon ya warware wani bandir ya ce, "Hajiya, wannan auduga ce zalla." Ba ya ƙyalli, yana da taushi, na biya na fito.

A kan keke ya riƙa zamewa, ɗinki na tsallake, na ɗauka zare ne bai zauna ba. Na gama haɗa fuskar bargon gaba ɗaya, na shimfiɗa, na juya dutsen guga zuwa ɗigo uku kamar yadda auduga ke so, wajen digiri 200 ke nan. Ina ɗorawa sai warin ƙonanniyar leda ya bugi hancina. Baƙin ya narke ya manne a ƙasan dutsen, kafin in ankara hannuna ya riga ya zarce da shi kan farar shadda da ƙyalle biyu na zanen Inna. Na kankare, na jiƙa, na sa sabulu. Narkakkiyar roba in ta shiga cikin zare ba ta fita. Kuɗin yadin ba abin da zan tsaya lissafi ba ne, amma zanen Inna ba shi da na biyu, kuma ba sauran inda zan yanko.

Maƙwabciyata, wadda ta girme ni a sana'ar, ta shigo ta same ni zaune a gabansa. Ta yanki ɗan zirin baƙin ta ce, "Kawo ashana." Wuta na kusantarsa ya nannaɗe yana gudu, ya yi baƙin hayaƙi, ya bar wani ƙullutu mai tauri. Ta yanki atamfa ta kunna: ta ci da wuta tana warin ƙonanniyar takarda, ta bar toka mai laushi da ke murmushewa a yatsa. Na ce, "Yaya, ashe da tsinken ashana ɗaya da ban shiga wannan ba?" Ta ce ko da dutsen bai taɓa shi ba, da sauran rina a kaba. Auduga tana ci gaba da ɗan tsukewa a wanki, yadin roba kuwa yana nan yadda yake, in aka jima sai layukan su yi ta cukurkuɗewa a gefen kowane ƙyalle. Ga shi ba ya shan gumi.

Ban ce yadin ba shi da kyau ba. A abaya ya dace, ba ya yamutsewa, ba ya koɗewa da wuri. Abin da ke ci mini rai har yau shi ne na yi tambaya a fili, aka dube ni aka ba ni amsar da za ta sa in saya.

Farkewa ta fi ɗinkin wuya. Kowane ƙyalle baƙi ya zagaye shi ta gefe huɗu, dole na bi su ɗaya bayan ɗaya da reza, a hankali, don tsohuwar atamfa ba ta jure ja. Wasu gefunan suka zazzare, sai da na rage kowane murabba'i ya koma santimita 16 don su daidaita. Na sauka Balad, tsohuwar unguwar kasuwanni ta Jidda, na samo shuɗin yadi mai duhu, na ƙona bakinsa a tsaye a ƙofar shagon kafin in ciro kuɗi, na jiƙa shi a ruwan zafi har ya daina zuba.

Abin da na ji daɗinsa shi ne cikin bargon. Maimakon soso na shimfiɗa tsofaffin haramin Abbansu, irin mai kamar tawul, waɗanda suka sha wanki har sun gama tsukewarsu. Su ma sai da na gwada su, don yanzu haramin roba ya yi yawa a kasuwa. Na yi shafi da zanen gado na auduga, na bi da ɗinkin hannu da zare mai kauri, tazarar tafin hannu tsakanin layi da layi, don kada cikin ya tattaru wuri ɗaya. Yana da nauyi, in an wanke kuma yana daɗewa bai bushe ba, amma a Ɗa'ifa nauyin ake nema.

Yanzu maƙwabtan 'yata sun fara aiko mini da ledojin ƙyallaye, kowa na son irinsa. Na karɓa, da sharaɗin duk ƙyallen da ya shigo sai ya bi ta kan ashana, wanda ya narke kuma zan mayar wa mai shi.