Abin da limancin unguwa ya koya min a kan jana'iza

Mutane na ɗauka aikin liman salloli biyar ne sai ɗaurin aure ranar Asabar a ba shi goro da alawa ya tafi gida. Toh ni dai tunda Malam ya tsufa ya ce in riƙa shiga gaba a masallacinmu na nan cikin birnin Kano, abin da ya fi cin lokacina rasuwa ce, don ita ba ta da jadawali, kana tsakar cin tuwo za ka ji sallama a ƙofar gida, daga yanayin muryar ma ka san me ya faru.

Sallar gawa ita ce mafi sauƙi a cikin aikin gabaɗaya. Kabbara huɗu ce a tsaye, ba ruku'u ba sujada, minti biyar ma ba ta kaiwa. Mu da muka tashi a kan Risala, littafin fiƙihun Malikiyya, addu'a muke yi bayan kowace kabbara, liman ya tsaya daidai tsakiyar namiji, in mace ce daidai kafaɗunta. Wasu kuma Fatiha suke karantawa bayan kabbarar farko su tsaya ta wajen kai, kuma ba a rasa saurayin da zai tare ka a bakin maƙabarta da wayarsa a hannu yana so ya nuna maka hadisi. Ina ce masa ɗana ka bari mu rufe mutum tukuna, ka same ni bayan la'asar, duka biyun akwai malaman da suka tafi a kansu. Yawanci ba sa zuwa.

Wahalar tana kafin sallar. Wa zai yi wanka, an samo ganyen magarya da kafur, alawayyon likkafani ya isa ko sai an koma kasuwa, an tura yara wajen masu haƙa kuwa? A maƙabartar Dandolo ko ta Tarauni in ba ka aika da wuri ba sai ku iso da makara ku tarar ba a gama ba, ga rana ga jama'a a tsaye. Sannan itacen da za a jera da fasassun tukwane da ruwan kwaɓa ƙasa duk kuɗi ne, masu haƙan nan kuma akasarinsu dattawa ne da abin da aka miƙa musu suke cefane. Watan Afrilun 2020 da aka yi ta mace-macen nan a Kano, sai ka sallaci wani ka juyo ka ga an ajiye wata makarar, a lokacin na ga hannun mai haƙa ya fashe yana jini ya ɗaure da tsumma ya ci gaba. Tun daga nan in na ga masu hali a gidan rasuwa nakan ja babban ɗa gefe in ce Alhaji, kar a manta da mutanen maƙabarta.

Sai rigimar jira. Babban yaya yana hanya daga Abuja ko Legas, an ce lallai sai ya iso, ga zafin watan Afrilu, ga ba wuta. Sunna dai a gaggauta, amma ba ka faɗar haka da gatsali ga mutanen da uwarsu ke kwance a ɗaki. Abin da nake yi, in karɓi wayar in yi magana da shi da kaina, in ce Allah ya jiƙan Hajiya, ka yafe mana mu kai ta, in ka iso ni zan raka ka kabarin. Sau da yawa shi ma so yake wani ya sauke masa nauyin.

Bashi kuwa shi ne inda nake dagewa ko za a ji haushina. Kafin in tayar da kabbara sai na juya na ce jama'a, duk mai bin mamaci ko wanda mamaci ke bi, ga wane nan a same shi. Sai an samu wanda ya amsa da bakinsa ya ce ya ɗauka, don na sha gani a yi shiru a wajen, bayan sadakar uku mai shago ya zo min da littafi, magada kuma su ce ba su san zancen ba. Bayan kuɗin jana'iza, bashi ake fara fitarwa, sannan wasiyya da ba ta wuce sulusi ba, sannan gado, amma wallahi wasu tun ana zaman makoki a kan tabarma ake raɗe-raɗin makullin mota.

Bayan kwana uku an naɗe tabarmi an kwashe rumfa, matar mamaci tana cikin gida za ta yi takaba wata huɗu da kwana goma, da yara da kuɗin haya, ba mai leƙowa. Ni ba na shiga, maiɗakina nake turawa ta dubo ko akwai hatsi, ranar Juma'a kuma in sa ladan ya zaga da kwano ba tare da an ambaci sunan gidan ba.