Daɗin zane a inda ba a san ka ba

Aikin da nake ci da shi yana Shomolu, a wani shagon ɗab'i, inda nake tsara katin biki da kalanda da rasit, da fastocin 'yan siyasa idan kakarsu ta zo. Aikin da raina ke so kuwa sai dare nake yin sa, a ɗakina a Agege: ɗan gajeren labari cikin zane, gida (wato akwatin hoto) huɗu ko shida, kan zaman 'yan Arewa a Legas. In na gama in ɗora a Facebook da Instagram, in kuma sa a status na WhatsApp. Masu bibiyata ba su da yawa. Ko duk an tara su wuri guda, da ƙyar su cika sahun masallacin Juma'ar unguwa. Na daɗe ina ganin wannan ƙaranci a matsayin rashi, kafin in lura da irin abin da nake mora a cikinsa, wanda shahararre ko da kuɗinsa ba zai saya ba.

Babbar ribar ita ce kunne. Kusan duk labaran da nake zanawa a teburin mai shayi nake tsinto su. Ina zama can ƙarshen benci da ɗan littafina da biro, a yanka mini burodin Agege, a haɗa mini shayi mai kauri, sai kawai in yi shiru. Nan ake zancen kuɗin haya da dillalin da ya ninka la'ada, da agbero, wato ɗan tasha mai karɓar kuɗi, da ya tare mai baro a bakin tasha, da wanda ya tafi gida noma tun farkon damina har yau bai dawo ba. Sun san ina zane, amma ba wanda ya ɗauke shi wani abu. Ido wa ka raina, wanda nake gani kullum. Dattijon da ke da teburin, in ya ga na duƙufa, sai ya ce, "Malam mai zane, yau kuma wa aka kama?" In ce, "Baba, hannunka kawai nake so." Ya yi dariya ya ci gaba da aikinsa.

Kuma da gaske hannun nasa nake so. Yadda yake ɗaga kofi sama ya tsiyayo shayin cikin ɗaya kofin da ke ƙasa, igiyar shayin ta miƙe ba ta karye ba, gwiwar hannunsa a buɗe, idonsa kuma na kan mai ba shi kuɗi, ba kan kofin ba. Na zana wannan hannu har ban san iyaka ba kafin ya zauna mini. Da ya san dubban mutane za su gani, da ya gyara tsayuwa, ya daidaita hula, ya kalli kofin, shi ke nan abin ya mutu. Mutum na ganin an san ka sai ya fara yi maka wasan kwaikwayo, ko kuma ya kama bakinsa. Ni dai ba a yi mini ko ɗaya. Abin da na ɗora wa kaina shi ne ba na zana fuskar kowa yadda za a gane shi, kuma abin da aka faɗa don an yarda da zaman ba ya fita da sunan mai shi. Nakan ɗauki hancin wannan, maganar wancan, tafiyar wani, in haɗa mutum guda da babu shi.

A ranar 1 ga Yunin 2022 gwamnatin Legas ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida, ciki har da Ikeja da Surulere da Apapa, a watan Satumba kuma ta ƙara huɗu, har da Mushin da Shomolu inda nake aiki. Ana kama babura ana murƙushe su. Samarinmu da yawa da babur suke ciyar da gida biyu, na nan da na Arewa. Na ji zancen nan ta kowace fuska a teburin shayi, amma abin da na zana ƙarami ne. Gida na farko, saurayi ya idar da sallar asuba ya lalubo makulli a aljihu. Na biyu, ya fito ƙofar gida, wurin ajiye babur wayam. Na uku, yana tsaye yana kallon makullin. Na huɗu, ga shi a kasuwar Mile 12 yana tura baro cike da albasa, yana yin hon da baki, yana kwana da baron kamar mai shan kwana a kan titi. Ban sa magana ko ɗaya ba sai "fim-fim" ɗin nan.

Da daddare wani ya turo mini saƙon murya. Dariya ya fara yi har yana tari, sai ya tsaya, can ya ce, "Ɗan'uwa, wallahi makullin nawa yana nan a aljihuna." Na san shi, na san garinsu, na san lokacin da matarsa ta haihu. Wannan ita ce riba ta biyu, kuma ta fi zama mini a rai: masu karatuna mutane ne masu fuska, ba lamba ba ce a ƙasan hoto. In zan zana abin da ban sani ba, tambaya nake yi. Na taɓa son zana sauke tumatir daga mota, sai na sa a status cewa wa zai nuna mini yadda ake rufe bakin kwando a ɗaure shi. Kafin azahar wani ɗan kasuwa ya turo hotuna, har da bayanin yadda ɗan dako ke naɗa gammo da inda yake kama kwandon in zai sauke. Wanda ke da mabiya dubu ɗaruruwa in ya yi wannan tambaya, amsar kirki za ta nutse cikin masu gaisuwa da masu roƙon kati da masu zagi.

Sai 'yancin gwaji. Da biro da takarda na fara, ina ɗaukar hoton zanen da waya. Daga baya na koma zanawa a kan wayar da ɗan yatsa a manhajar ibisPaint, sannan na sayi allon zane na hannu a Computer Village, kasuwar waya da kwamfuta, na koma manhajar Krita, wadda kyauta ake sauke ta. Duk sauyin nan kamannin mutanena sun canja: wani wata kawunansu manya, wani wata sun rame, akwai lokacin da na daina sa musu hanci gaba ɗaya don in ga ko za a lura. Ba wanda ya ɗaga mini hankali. Launi ma na rage shi zuwa baƙi da fari da ruwan ƙasa kaɗan, domin hoton ya yi sauƙin buɗewa, tunda yawancin masu karatuna datar kwana ɗaya suke saya. Rubutun cikin zanen kuwa da hannu nake yi, saboda haruffan da aka ƙera don irin wannan aiki akasarinsu ba su da ƙ da ɗ da ɓ, sai ka ga wani ɗan akwati ya fito a tsakiyar kalma.

Gwajin da ya fi mini daɗi shi ne na ajami. Akwai dattawa a Zango, unguwar Hausawa a Agege, da boko ke yi musu nauyi amma ajami suke karantawa kamar ruwa, sai na ce bari in yi musu nasu. Nan na ci karo da abin da ban yi tsammani ba: mai karanta ajami daga dama yake farowa, don haka idonsa kan fara sauka a gidan da na ajiye abin dariyar, ya ga ƙarshe kafin farko. Sai na juya jerin gidajen, amma juyawar ta sa wanda ya kamata ya fara magana ya koma na biyu a cikin hoton, dole na sake tsayar da mutanen. Abin da ya raba gardama shi ne jera gidajen daga sama zuwa ƙasa, irin tsarin da Webtoon na Koriya ta Kudu ya yaɗa don masu karatu a waya. Ko daga dama kake karatu ko daga hagu, ƙasa dai ƙasa ce. Tun daga nan ban koma jerin kwance ba. Wannan lalube ya ci makonni, a bainar jama'a nake yin sa, kuma ba wanda ya yi asarar ko sisi.

Legas ba ta rasa manyan masu wannan sana'a ba. Tun 1976 Wale Adenuga ya fara fitar da mujallarsa ta zanen barkwanci. Comic Republic, wadda Jide Martin ya kafa a 2013, tana saka labaran jarumanta a intanet. A 2024 Disney ta fitar da shirin katun da ta yi tare da kamfanin Kugali, kan Legas ta nan gaba. Ina jinjina musu, kuma ba zan ce ba na sha'awar inda suka kai ba. Amma na je Lagos Comic Con, taron masu zanen labarai da aka fara tun 2012, a matsayin ɗan kallo da jaka a baya, na zagaya teburi-teburi ina leƙa aikin mutane, ina tambayar wane alƙalami ne wannan, a ina aka buga wancan. Waɗanda aka sani suna zaune a wuri guda tun safe, ana layi, kowa na roƙon a zana masa jarumin nan dai da aka san su da shi. Wanda ya yi suna da abu guda, wannan abin ake nema a wurinsa har ya gaji da shi. Mai kwantiragin fitar da babi duk mako kuma, ko wuta ta zo ko ba ta zo ba, ko zazzaɓi ya kwantar da shi, ranar ba ta matsawa.

Ni in aka ɗauke wuta kwana da kwanaki, tun da man janareta ya zama abin lissafi bayan cire tallafi a watan Mayun 2023, sai in rufe kwamfuta in koma biro. Goman ƙarshe na azumi ba na fitar da komai. In zaɓe ya matso aiki ya yi yawa a shago, nakan yi wata guda shiru, abin da zan samu bai wuce "Lafiya dai, Malam?" daga mutum biyu ko uku ba. Lokacin da aka dakatar da Twitter a Najeriya, daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, masu zane da yawa da suka gina jama'arsu a can sun shiga wani hali. Ni ban ji a jikina ba, lambobin mutanena suna cikin wayata.

Akwai kuma maganar harshe. Mutanen cikin zanena Hausar Legas suke yi, mai "oga" da "danfo" da "abeg" a ciki, wani ma in ya fusata sai Yarbanci ya kufce masa. Haka ake magana a Agege da Idi-Araba da Alaba Rago, musamman waɗanda aka haifa a nan tun kakanni. Masu karatuna sun san muryar, tasu ce. Da zanen ya yi nisa, na san za a samu masu zuwa su koya mini cewa ba haka ake Hausa ba, ni kuma a hankali in fara wanke bakin mutanena don in zauna lafiya, har su koma magana irin ta labaran rediyo. Mai gadin da ya shekara ashirin a Ikoyi ba haka yake magana ba.

Batun zanen mai rai ma haka. Kawuna bai gamsu da shi ba, ya kuma gaya mini a fuskata. Muka zauna, ya kawo abin da ya karanta, na kawo abin da na ji daga wasu malaman, ya ce, "To, ka dai kiyaye, kada ka zana abin da za ka ji kunyar nuna wa mahaifiyarka." Na ce, "In sha Allahu, Kawu." Magana ta tsaya tsakanin mutum biyu da suka san mutuncin juna, ba ta zama abin da baƙi za su yi ta yayyagawa a waya ba. Sai dai ban ɗauki ƙarancin suna a matsayin laya ba. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 an sha kama mutane da shi kan abin da suka wallafa, kafin a yi masa gyara a 2024, kuma hoto guda in aka kwafe shi yakan je inda mai shi bai taɓa zuwa ba. Saboda haka ina zana halin da hukunci ke jefa talaka a ciki, ba na zana fuskar mai hukuncin.

Kuɗi kam babu, kada wani ya ruɗu. Abin da zanen ya taɓa kawo mini bai wuce masu cewa in zana musu katin ɗaurin aure mai ɗan ban dariya ba, sai wata Hajiya mai abinci da ta sa na yi mata allon shago, ta biya rabi da kuɗi rabi da tuwo. Shagon ɗab'i ne ke biyan haya, kuma don shi ke biya, zanen bai zama dole ya faranta wa kowa ba.

Wannan sarari ne ya sa na ɗauko abin da ba mai saka jari da zai yarda da shi: dogon labari kan fataken goro da suka zauna a Agege bayan layin dogo ya haɗa Legas da Kano. Babu jarumi mai tashi sama a ciki, sai huhun goro da ganyen da ake naɗe shi da jiran tarago. Ban san ko babi nawa zai kai ba, ban kuma sa wa kaina rana ba. Wani mai karatuna ya yi mini hanyar ganin wani tsoho a Zango wanda ya yi dakon goro a tasha yana saurayi. An ce ba ya son waya a gabansa in yana magana, kuma sai bayan la'asar yake zama, don haka ranar Asabar zan nemi maigidana a shago ya sallame ni da wuri.